Kan Akuya Ya Ba da Shaida

A Dapaong na yi wayo, cikin shekarun da kowa ya koyi faɗin "demokrasi" kafin ya san ko ci ake yi ko sha. Lakwal, makarantar boko, a rufe saboda yajin aiki, titi cike da shingen masu bindiga. Mu kuwa makarantarmu ba ta taɓa yaji ba: murhun Kaka Zinatu, bayan magariba.

Babana mahauci ne. Duk Nowel, wato Kirsimeti, maƙwabcinmu Baba Lare, malamin coci ɗan ƙabilar Moba, shi yake kira ya yanka masa akuya, don Musulmin unguwa su iya cin naman. A shekarar nan ma ya naɗe wuƙarsa a takardar siminti, ya bi Baba Lare zuwa bayan gari inda aka ɗaure akuyar. Aka yi magariba, dokar hana fita ta kusa, bai dawo ba.

"Ga ta nan, ku matso kar ta huce," in ji Kaka, tana buɗe tatsuniya, idonta a ƙofa.

Wai wani gari ne mai rijiya ɗaya: 'yan gabas ke da guga, 'yan yamma ke da igiya. Kura ta raɗa wa kowane ɓangare cewa ɗayan na shirin ƙwace rijiyar. Kowa ya ɓoye nasa a ƙarƙashin gado, ya kwana da ƙishi da mutunci.

"Sai me, Kaka?" na ce.

"Sai kura ta sake zagayawa."

"Ai ta zagaya ɗazu!"

"Ke ce kurar? Ƙafarki ce ke ciwo?"

Haka ta yi ta jan tatsuniyar, tana tura icen da bai buƙaci turi ba, Inna na leƙe ta katanga. Sai muka ji waƙar coci na tunkaro gidanmu. Ga Baba a tsakiya, matan coci kewaye da shi, Liman na gefe yana haki, Baba Lare a gaba riƙe da kan akuya ta ƙaho.

Ashe a shinge aka tsare Baba: Bahaushe, da wuƙa mai jini, a irin wannan lokaci. Baba Lare ya aika a kira Liman, shi kuma ya koma da gudu ya ɗauko kan, ya ce, "Ga mamacin, ku tambaye shi." Masu bindiga suka karɓi shaidar, suka riƙe cinya guda.

"Lare," in ji Kaka, "saura kaɗan akuyarka ta cinye mini ɗa."

"Iya, in na bar shi can, wa zai yanka ta baɗi?"

Yau ina koyarwa a Sokode. Duk lokacin da gari ya sake rikicewa aka kwashe samari, mukan taru, limamai da 'yan coci da iyaye mata, mu je tare mu tsaya a bakin ƙofar inda aka tsare su har a saurare mu. Na karanta littattafai masu kauri kan zaman lafiya tsakanin addinai. Ban ga wanda ya ambaci mahauci ba. Amma a ƙofar nan nakan lura: waɗanda ke fara isowa ba masu iya jawabi ba ne, waɗanda suka saba cin naman juna ne.