Gemun Orest da Wasa na Bakwai

"Ni dai kada wanda ya zagi gola a gabana," in ji Lorne, yana buga cokali a tebur. "Bawan Allah ya tare bugu talatin da takwas, biyu kacal suka wuce shi. Ina 'yan baya suke? Sun tafi kasuwa?"

"Na biyun ta tsakanin ƙafafunsa ya bi," in ji Elmer. "Kakata da ke kabari sai ta tare wannan da tsintsiya."

"Kakarka ba ta taɓa taka ƙanƙara ba, tsoho."

"Shi ya sa ba a taɓa cin ta ba."

Aka kwashe da dariya, ban da Orest Bilyk, wanda ke ƙarshen teburi yana tsame gashin baki daga cikin gahawarsa. Tun watan Afrilu haka safiya take a shagon abinci na Doreen. Manoma da 'yan fansho na garin Stoneburn su cika dogon teburin kusa da taga, su sake buga wasan hokin jiya, wanda ake yi a kan ƙanƙara, da baki, su canza 'yan wasa, su kori koci, su mayar da shi kafin a kawo ƙwai. Bana abin ya yi ƙamari, domin ƙungiyar babban birni, wadda duk garin ke kira yaranmu, ta kai zagayen ƙarshe. An yi wasa shida, kowa ya ci uku. Ranar Asabar za a yi na bakwai, wanda ya ci ya ɗauki kofi.

Orest ba mai yawan magana ba ne, amma babu wanda ya fi shi sanin ƙanƙara a teburin. A gona aka haife shi, ya koyi zamiya a kan daskararren tafkin bayan garken shanu da takalman ɗan kawunsa, waɗanda aka cusa wa tsohuwar jarida don su kama shi. Bai yi nisa a wasa ba. Kocinsa na yarinta ya ce Orest na gudu kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Yana shekara ashirin da biyu aka ba shi makullin ɗakin wasan ƙanƙara na garin, yau shekara talatin da biyar makullin na aljihunsa. Shi ke tuƙa motar da ke goge ƙanƙara tsakanin zango da zango, shi ke wasa kaifin ƙarfen da ke ƙasan takalman zamiya, har yakan dubi takalmin yaro ya ce masa, "Kana jingina hagu kamar ubanka." Idan sanyi ya wuce aka narkar da ƙanƙarar, sai ya koma yankan ciyawar maƙabarta da filin makaranta. Ban da wannan, shi ɗan kwana-kwana ne na sa-kai, irin waɗanda jiniya ke tayarwa daga kan abinci.

Gemun kuwa, al'ada ce. Daga ranar da aka fara wasannin fitar da gwani, namiji ba ya taɓa reza har sai an fitar da ƙungiya ko ta ɗauko kofi. 'Yan wasa suka faro, magoya baya suka ɗauka, mutanen Stoneburn kuma suka riƙe ta fiye da masu ita. Mako takwas ke nan, teburin Doreen ya koma kamar taron bunsuru. Na Orest ya fi na kowa, fari da ja, ya cika masa ƙirji. Matarsa Yvette, ƙanwar Lorne, ta ce ji take kamar tana kwana da burushin wanke tukunya.

Amma Orest yana da tabo. Shekara tara da suka wuce, ana tsakiyar irin wannan gasa, ya ɗan rage gemunsa saboda hoton auren 'yar yayarsa. Yaranmu suna gaba da wasa biyu a lokacin. Aka lallasa su sau huɗu a jere. Tun daga ranar sunansa ya koma Wanzami.

"Wanzami, kai me ka gani?" in ji Lorne. "Gola ko 'yan baya?"

"Ƙanƙarar ce ta yi laushi," in ji Orest. "Watan Yuni, mutum dubu goma sha takwas na numfashi a ɗaki ɗaya. Faifan da ake bugawa yana tsalle. Ba ruwan gola."

"Ka ji ko? Surukina ya yi magana. Sau ɗaya a shekara, amma ya yi."

Sai ƙofa ta buɗe, Verna Sigurdson ta shigo da makullan motar makaranta a hannu. Ita ce direbar yara da safe, ita ce kuma shugabar 'yan kwana-kwanan garin. Ba ta zauna ba. Ta tsaya ta ƙare wa gemun Orest kallo kamar mai taya rago.

"Orest, mai gwajin takunkumi ya iso. Yana ofis, ƙarfe sha ɗaya zai fara, sha biyu ya wuce."

"Ba ƙarshen wata aka ce ba, ranki ya daɗe?"

"An matso da shi. Ba zai sake biyowa ta nan ba sai baɗi."

Kowa ya san zancen. Takunkumin numfashi da ake shiga hayaƙi da shi sai ya manne da fata tsaf, gashi kaɗan ya isa ya bar hayaƙi ya kutsa. Mai gemu ba a ma sa masa na'urar gwaji. Wanda bai ci gwajin ba kuwa, shekarar nan sai dai ya tsaya gindin mota yana riƙe mesa.

"Kwana biyu fa suka rage, Verna," in ji Elmer. "Ki ce masa ba shi da lafiya."

"Ki ce ya yi tafiya," in ji Lorne.

"Ki shafa masa man shanu a gemun, takunkumin zai kama."

"Ku yi min shiru, tsofaffin banza," in ji Verna. Ta juyo wajen Orest, muryarta ta sauka. "Da rana mu huɗu ne a garin nan masu iya shiga wuta, sauran duk suna gona ko wurin aiki. Doka ta ce biyu ciki, biyu a ƙofa. In ka fita mun koma uku, ba mai shiga gidan kowa sai motar garin gaba ta zo. Ka san nisan."

Ya sani. Minti arba'in, in hanya ta bushe.

Orest ya shafa gemunsa. Ya tuna shekara tara na Wanzami, da yadda ya ƙudurta bana zai wanke kansa, ya zauna ranar Asabar da gemu har cibiya a ga ƙarshen masu baki. Ya san kuma in aka ci yaranmu bayan ya yi aski, ko a jana'izarsa sai wani ya faɗa. Ya dubi Elmer, wanda gidansa na katako ne tun na kakansa, matarsa kuma ba ta iya sauka daga bene sai an riƙe ta. Elmer ma ya gane kallon, sai ya shiga juya gahawar da babu sukari a ciki.

"Doreen," in ji Orest, "kina da almakashi?"

"Wayyo Allah, ya sake kashe mu!" in ji Lorne, ya ɗora hannu a ka. "Yvette ce ta turo ki, Verna, na rantse. Na san aikin ƙanwata."

"Tsaya, tsaya," in ji Elmer. "A bi abin a hankali. Shugaba, gashin baki fa?"

"In bai kai inda roba ke kamawa ba, ba ruwana."

"To, alhamdu lillahi. Yanzu tambaya ita ce, a ina sa'ar take zaune? A haɓa ko a leɓe?"

Nan aka buɗe sabuwar muhawara, da zafi irin na zancen gola. Lorne ya ce a haɓa take, shi ya sa ake cewa gemun gasa, ba a cewa gashin bakin gasa. Elmer ya ce wancan karon gefe da gefe Orest ya rage, saboda haka masifar a kumatu take. Wani ya kawo misalin ɗan wasan da gemunsa bai fi ƙwaya goma sha biyu ba amma ya ci kofi sau biyu. Doreen, wadda ta shekara ashirin tana sauraron wannan shirme, ta fito daga kicin da almakashi da reza da wata wankakkiyar kwalbar zuma.

"Ni ban taɓa jin an ce dole gemu ya kalli wasa daga kan fuska ba," in ji ta. "Ku zuba shi a nan, in ɗora a kan talabijin."

Aka dubi juna. Elmer ya yi gyaran murya ya ce shi dai bai san wata doka da ta hana ba. Lorne ya ce a rubuta cewa shi bai yarda ba, amma shi zai riƙe kwalbar, don kada gashi ɗaya ya faɗi ƙasa.

A bayan shago aka yi, kan kujerar roba, kusa da buhunan dankali. Doreen na yanka, Lorne na tarewa yana mita, Elmer na ba da umarni daga bakin ƙofa. Da aka gama, fuskar Orest ta fito kala biyu, sama ja, ƙasa fari sol kamar cikin kifi, ga gashin baki ya tsaya shi kaɗai kamar maraya.

"Kai, ashe haka kake da muni?" in ji Lorne. "Mayar masa, Doreen."

"In aka ci mu ranar Asabar," in ji Orest, yana goge kumfa daga kunnensa, "ku ce ni ne. Na saba."

"In ba kai ba, wa za mu ce?" in ji Elmer. Sannan ya ƙara, "Amma ka zo kallo gidana. Matata Bernice za ta yi perogi, ƙullin fulawar nan mai dankali a ciki, ta san kana so."

Verna ta leƙo ta nuna agogon hannunta. Orest ya ɗauki hularsa, ya taɓa haɓarsa da iska ke bugawa a karon farko tun Afrilu, ya bi bayanta zuwa ofishin kwana-kwana, yana tambayarta ko za a gama da wuri, domin ciyawar maƙabarta na jiransa.