Dattijuwar da Ta Ƙi Sakin Sanda

Daga rumfarsa a bakin Kogin Fraser, Wendell mai sayar da kayan fatsa yana kallon wata baƙuwar dattijuwa. Ramammiya ce, kanta ba gashi ko sili, da alama ta sha jinya. Ta kafe ƙafafu a gaɓa, sandar fatsarta ta lanƙwashe, wani ƙaton kifi da ake kira sitajin, wanda ya fi ta tsawo, yana janta.

Ko ta jawo shi, sakinsa za ta yi, don doka ta hana a tafi da irinsa.

"Kawo in karɓe ki, Jolene," in ji mijinta.

"Taɓa sandar nan ka gani. Da ƙafa za ka koma gida."

A hasashen Wendell, an daɗe ana riƙe mata komai, har kofin shayi.

Ta cije leɓe, ta ƙara naɗo zare.