Mai Ƙirga Daƙiƙa a Bakin Kanta

Malam Daƙiƙa ake ce masa, kuma masu kantuna ne suka laƙaba masa sunan. Sana'arsa gyaran POS, injin nan da ake zura wa kati a biya kuɗin kaya. Duk inda ya shiga, kafin ya taɓa inji sai ya tsaya gefe ya janye hannun riga, ido a kan agogo, yana ƙirga lokacin da kati ke ci daga shiga zuwa fita. Matarsa takan ce ko shayi ta miƙa masa sai ya faɗa mata daƙiƙa nawa ya yi kafin ya huce. Allah ya jiƙansa, wata huɗu ke nan da rasuwarsa.

Da gyaran rediyo ya fara, ya koma waya, da injinan kati suka zo ya bi su. Bai taɓa yin shago ba. Wata baƙar jaka ce shagonsa, cikinta sukudireba biyu, da buroshin haƙorin da yake share ramin kati, da ɗaurin takardar rasit. Kantuna kusan ashirin yake zagayawa a kan babur, amma rabin abincin gidansa daga wuri ɗaya yake fitowa, wani babban kantin magani mai rassa uku.

Wata safiya mai kantin ya kira shi ofis. Ya ce layi yana kaiwa bakin ƙofa, mutane suna ajiye magani su tsallaka titi su saya a wani wuri. Ya ce akwai wani mai gyara da ya yi alkawarin saita injinan a riƙa goga kati kawai, ba sai an zura an jira ba. Malam Daƙiƙa ya fara bayani, cewa baƙin zanen da ke bayan kati kullum magana ɗaya yake faɗa, wanda ya kwafe ta ya kwafe har abada, shi kuwa ɗan ƙarfen gaba, wato cif, kowane ciniki da sabuwar lambar da yake bayarwa. Mai kanti ya katse shi.

"Ni ba karatu na kira ka ba. Mako ɗaya. In layin bai ragu ba, ka yi haƙuri."

Kwana biyu bai buɗe jakarsa ba. Yana tsaye kusa da ma'aunin nauyi yana kallo. Injin yana can bayan kanta, maƙale a jikin firjin magani inda sabis ba ya isa sosai, wayarsa kuma gajeriya. Hannun mai saye ba ya kaiwa. Saboda haka babbar kashiya, wadda kowa ke kira Uwar Layi, ita ke karɓar kati ta zura, ta ɗago ta ce a faɗi lamba. Mutane kuwa su faɗa da ƙarfi. Wani dattijo sai da ya maimaita tasa sau uku, don ba ta ji ba, amma duk wanda ke bayansa ya ji. Agogo ya nuna daƙiƙa arba'in da bakwai, saura kaɗan minti guda.

Da layi ya lafa ya matsa kusa da ita.

"Yaya, yau na haddace lambobin sirrin mutum tara, kuma ni ba ɓarawo ba ne."

"To haɗa da tawa, ƙanena. Ka je ka duba abin da ke ciki, za ka dawo ka ba ni sadaka."

Dariya ta yi, amma ranta ya sosu. Ta ce shekara goma sha biyar tana kan kujerar nan ba a taɓa kama ta da ƙwandalar wani ba, kuma tausayin tsofaffi ne ya sa take danna musu. Ya ce ai ba hannunta yake tsoro ba, kunnuwan layi yake tsoro. Ta ce in ya so ya zo ya zauna ya gwada, a ga gudun ruwansa.

Ya sayo doguwar waya. Ya sa mai walda ya ƙera masa ɗan ƙarfe mai juyawa da rumfa a kansa, ya fito da injin gaban kanta yana fuskantar mai saye. Ya hana injin buga rasit na biyu sai an nema. Sannan ya wuni a benci a ofishin kamfanin injinan, har aka ɗora masa sabuwar manhajar da ke barin cif ya ba da lambarsa tun kashiya tana haɗa kaya, inji ya yi ƙara a zare kati.

Ranar farko abin ya fi da muni. Wasu suka zura kati a juye, wasu suka zare da wuri, wasu kuma da inji a gabansu suka ci gaba da faɗin lamba da ƙarfi, don baki ya saba. Ciniki ɗaya ya haura minti. Mai kanti ya wuce ya kalli layi, ya kalle shi. Ran nan matarsa ta ajiye masa abinci ta ɗauke kamar yadda ta ajiye. Ya ce mata ƙila ya kamata ya fara neman wasu kantunan.

Washegari ya zo da alƙalamin zanen 'yarsa, ya zana kati da kibiya a jikin rumfar. Amma abin da ya gyara lamarin daga Uwar Layi ya fito. Ta ga yadda Malam Daƙiƙa ya rame a kwana ɗaya, ta ce ba za a ce a kantarta aka kori mutum ba. Da mai saye ya ajiye kaya sai ta ce ya zura kati tun yanzu. Da ya buɗe baki zai faɗi lamba sai ta tare shi: "Baba, riƙe sirrinka." Ta juya fuska wajen kwalaben magani har sai ya gama dannawa.

Rana ta bakwai mai kanti ya ce a ba shi agogon. Shi ya riƙe da kansa, ya ƙirga mutum goma. Mafi jinkirinsu daƙiƙa goma sha huɗu ya yi. Ya miƙa masa abinsa, ya ce gobe ya je sauran rassan biyu. Malam Daƙiƙa ya fita ya zauna a kan babur ya daɗe bai tayar ba.

Shekara biyu bayan haka ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ko a gadon asibiti yana ƙirga ɗigon ruwan da aka sa masa, yana yi wa nas tsiya cewa nasu injin ma yana buƙatar gyara. Wata rana matarsa ta dawo daga wurin biyan kuɗin magani tana huci. Ta ce mai karɓar kuɗi ya amshe katinta ya ce ta faɗi lamba, ita kuwa ta ce ya juyo mata da injin ko su wuni a nan, har ya gaji ya juyo.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya tambaye ta daƙiƙa nawa aka yi. Ta ce ba ta ƙirga ba. Ya kwance agogon, wanda a lokacin ya yi masa yawa a hannu, ya ɗaura mata.

Kwana shida ya ƙara a duniya. Agogon yana hannunta har yau, ta sa an ƙara huda a maɗaurin.