Turakun da suka tsiro a filin Yaya Sale

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Malam Sale, duba-garin Hunkuyi, mutumin da in ya yi tari a bakin kasuwa ƙudajen mahauta ke yin hijira zuwa garin Taba. Allah ya ji ƙansa.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba hukuma ta yanki fili a gabashin gari, wai don jama'a su riƙa miƙe ƙafa. Aka share shi tas, aka dasa dalbejiya, aka jera duwatsu aka shafe su da farar ƙasa. Nan aka kashe filin. A wurinmu duk inda ka ga farin dutse na hukuma ne, ba ka shiga sai an kira ka, kuma ba a kiranka don alheri. Aka ce tarkon ɗaukar soja ne, duk wanda ya zagaya sau uku bai yi haki ba sai Kaduna. Ni da nake tsere wa doki a lokacin, ɗingishi nake yi in zan gifta wurin.

Yaya ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Rannan ya ce mini, "Bala, kyan wurin nan ne ya yi yawa." Mutumin da ke kai ka gaban alƙali kan ɓawon gyaɗa, shi ya je ya ɗauko mai rake ɗan Maƙarfi ya zaunar da shi can ƙarshen fili, ya ce kowa ya tofar da tuƙa inda ya ga dama. Da mutane suka ga datti irin nasu, sai suka yarda wurin nasu ne. Samari na langa, dattawa na takawa bayan la'asar. Baffa Idi, mai gwiwar da ke ƙara kamar ƙyauren zaure, ya koma yin salla a tsaye. Kullum da safe Yaya yakan share rabi, ya bar rabi da gangan.

To, watan jiya wasu masu takalmi sau-ciki suka zo da igiyar awo suka kakkafa turaku, wai gyara za a yi. Na tambayi ɗayansu wane irin gyara ne ake yankawa daidai faɗin shago. Ya ce, "Baba, ai ba mai amfani da wurin." Da Yaya na nan, ƙila ya ce zargina ya yi yawa. Amma na san da tuni ya leƙa ƙarƙashin maganar nan yadda yake leƙa randa.

Bai bar mana bene ba. Abin da ya bari wata 'yar hanyar ƙafa ce da ta ratsa filin, wadda ciyawa ba ta taɓa rufewa ba. Yanzu mu tara muke taka ta kullum, ni da tumbina da ke riga ni shiga masallaci muna gaba. Duk mai son ya rubuta cewa ba kowa a wurin, sai ya fara ture ni, kuma aikin ya fi ƙarfin mutum huɗu.