Sitiyarin Yaya

A garejin bayan kasuwa Kunne ake ce masa, don kafin mai mota ya kashe inji ya riga ya ji abin da ke damunta. Ya iya aiki, wannan ba a ja. Musamman sitiyari. Ba ya sallamar mota sai ya buɗe murfin man sitiyari ya duba ko ya sauka ko ya yi baƙi, ya shafa tiyo da tsumma ko yana yoyo, ya danna bel da babban yatsa. Har faɗa yake yi wa masu mota: "Idan ta fara kuka a kwana, magana take yi maka."

Mota ɗaya ce ba ta samu wannan gata ba, ta yayarsa. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kawo shi garejin nan da hannunta. Yanzu da tsohuwar motarta take kai yaran unguwa makaranta, da ita take ci da gidanta.

Ya daɗe da jin kukan famfon sitiyarinta, ya kuma ga ɗigon mai inda take ajiye motar. Tiyo ne ya tsage, ƙaramin aiki. Amma ido wa ka raina? Wanda kake gani kullum. Sai ya ɗan ƙara mata mai ya ce, "Yaya, ki kawo ta gobe." Idan ta kawo, ga motocin mutane a layi, sai ta ce ya sallami baƙi tukuna, ita ai ta gida ce. Da tafiya ta yi tafiya, ta daina kawowa, shi ma ya daina tambaya.

Wata rana da hantsi ta shigo garejin, kafaɗarta sai warin man zafi take. Ta miƙa masa makulli da hannun hagu.

"Auta, ka nema mini mai saye. Na sallami iyayen yaran."

"Me ya faru, Yaya?"

"Tsufa mana. Hannun nan ba ya iya murza sitiyari. Jiya a kwanar makaranta saura ƙiris in jefa 'ya'yan mutane a kwata. Ba zan ɗauki alhaki ba."

Ya shiga ya tayar da motar, ya kama sitiyarin. Shi da yake ƙato, sai da ya sa hannu biyu. Ya buɗe murfin man, ko ɗigo babu. Ashe da wannan take kokawa safe da yamma, tana zargin ƙashinta. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya bar duk motocin da ke layi. Ya canza tiyo da famfon da ya ƙone, ya zuba sabon mai, ya yi ta juya sitiyarin dama da hagu har iska ta fita. Kafin azahar ya gama.

"Gwada ki ji, Yaya."

Ta zauna, ta juya shi da yatsu biyu. Ta kalli hannunta. Ya tsaya yana jiran faɗa, har so yake ta yi.

"Ashe ba ni ba ce," ta ce a hankali. Ta fito ta mayar masa da makullin. "Kafaɗar dai ta riga ta tafi, likita ya ce in huta. Amma ka kyauta, wanda zai saya ba zai sha wuya ba. Allah ya yi maka albarka."

Kunne ya buɗe baki zai ce amin, ya kasa.