Yadda Kumandan Ya Raka Ni Suna Keita

Talata: Madawa zuwa Buza

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na kulle ƙofar gidana a Madawa, jaka a ka, igiyar rago a hannu. Ɗiyata Zali ta haihu a Keita, suna ranar Alhamis, na kuma yi niyyar yi mata kwana goma. Ragon ba ɗan tafiya ba ne. Gidan maƙwabciyata Rabi zan kai shi, taku ashirin daga ƙofata.

Sunansa Kumandan. Uwarsa ta mutu yana da kwana biyu, shekarar da na bar koyarwa a lakkol, ni na shayar da shi da bibiro irin na jarirai har ya tashi. Tun da maigidana ya rasu yara kuma suka watse, shi nake fara yi wa magana da safe. Yana shan shayi da burodi, ya iya zare sakata da hanci. Sunan kuwa mutanen unguwa suka sa masa, don idan ya fito titi ba ya kauce wa kowa.

Sati guda na yi ina shirya wannan ajiya. Na kai wa Rabi buhun dusa da damin harawa shida, da takarda mai layi goma sha ɗaya da na rubuta da jan biro: lokacin ruwa, lokacin inuwa, kada ya ga leda, kada a juya masa baya. Rabi ba ta karatu, amma ta karɓa hannu biyu ta soke a azara. Sharaɗinta ɗaya, kada ya kusanci albasar da mijinta ya shanya a tsakar gida. Na ce mata ba ya cin albasa. Ban yi ƙarya ba, tattaka ta kawai yake yi.

Muka kafa turke muka ɗaure shi, na hau kabu-kabu ban waiwaya ba. Ƙarfe shida da minti goma ina zaune cikin mota a tasha, muna jiran mutum uku ta cika, sai na ga masu shayi suna janye bencinansu. Kumandan ne ya shigo yana jan igiya da turken baki ɗaya. Can bayansa ga Rabi da takalmi ɗaya a ƙafa. Da numfashinta ya dawo ta ce:

"Madam, ga ɗanki. Ta bisa albasa yab bi yah hita. Ni ba ni iya riƙon wanga, ina son aurena."

Nan take na kira ƙanena Idi da ke Buza, ya ce in kawo shi, wuri bai ƙare ba. Direban, wani mai suna Hamidu, ya ce kuɗin mota ni jika ɗaya da rabi, rago jika ɗaya. Na ce rago ai ba kujera zai zauna ba, ya ce shi ya sa bai ce jika biyu ba. Maza uku suka ɗaga shi saman mota tsakanin buhunan gishiri. Muka tashi bakwai saura minti goma.

A shingen jandarma na bakin gari aka tsayar da mu. Wani jandarma yana karɓar katin kowa, Kumandan kuwa yana ta dukan rufin mota da kofato yana kuka. Na leƙa ta taga na ɗauko muryar da nake tsawatar wa aji, na ce:

"Kumandan, ka yi mini shiru, marar kunya kawai."

Motar ta yi tsit. Wani babbansu mai galan na muƙami a kafaɗa da ke zaune ƙarƙashin rumfa ya ajiye kofinsa ya taso a hankali. Ya tambaye ni da wa nake. Na nuna sama. Ya ɗaga kai, ragon ya leƙo, suka ɗan dubi juna. Sai ya tambayi wanda ya ba shi wannan girma, na ce mutanen unguwa. Ya ce shi nasa sai da ya yi shekara goma sha takwas. Ya miƙo mini katina ya ce wa Hamidu ya wuce da Kumandan kada rana ta same shi.

Daga Madawa zuwa Buza wajen kilomita sittin ne. Mun bar gonakin albasa muka shiga jajayen duwatsun Adar, muka sauka tara da minti biyar.

Idi dillalin dabbobi ne, kuma wannan ne na manta da na kira shi. Bai gama gaishe ni ba hannunsa ya kai bayan ragon yana matsawa. Ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya ɗaga jela, ya ce ma sha Allahu har sau uku. Matarsa ta kawo mini fura mai sanyi da dambun zogale, na ci na ɗan kishingiɗa. Bayan la'asar wasu mutum biyu suka zo wai gaishe ni, amma ko sau ɗaya ba su dube ni ba. Na ga ɗayansu ya sa hannu cikin hannun rigar Idi suna latsa yatsu, irin cinikin da ba a so na gefe ya ji. Da suka tafi na tambaye shi. Ya ce:

"Yaya, ba a aje ragon shekara ukku don shan shayi. Ni ba ni saida shi ba da saninki ba. Amma in Allah ya kawo mai rabo, ai ina da lambarki."

Na kwana a gidan. Da safe na kwance igiya. Idi ya ji zafi, ya ce ashe ban yarda da shi ba. Na ce da shi na yarda, da sana'arsa ce ban yarda ba.

Laraba: Buza zuwa Keita

Motar Keita buɗaɗɗiya ce. Ni aka ba gaba don shekaruna, jika biyu, Kumandan ya hau baya da maza. Muka tashi takwas da minti ashirin. A Deule muka tsaya ɗaukar buhunan wake, na sauka na tambayi gidan wani tsohon ɗalibina da na san yana kiwo, ko ya riƙe mini. Aka ce ya tafi ci-rani tun bayan girbi. Na sayi gyaɗa ta dala ashirin na koma mota.

Wani dattijo ɗan Tabotaki da muke gaba tare ya ji suna za ni, sai ya hau sa mini albarka, wai kakar da ke kai irin wannan rago ta yi ƙaranci a duniya. Na ce masa ba na yanka ba ne. Ya yi dariya ya ce haka masu kyauta ke faɗi. Da ina da wayo da na ɗauki wannan a matsayin gargaɗi. Ni kuwa ina can ina kallon jerin duwatsun da aka shirya a gangaren tuddai don tare ruwa, da itatuwan da suka rufe wuraren da na sani ƙeƙasassu ina yarinya. Sha biyu saura minti ashirin muka shiga Keita.

Ina shiga layin gidan mata suka ɗauki guɗa. Ban sauke jaka ba igiya ta bar hannuna. Malam Agali ne ya karɓa, mahaifin mijin Zali, dogon tsoho mai rawani har baki, wanda ya tashi yana kiwo a arewa. A gaban jama'a ya ce ya halarci suna ba adadi, bai taɓa ganin surukar da ta zo da rago irin wannan ba. Ya ce wanda ɗansa Musa ya saya idan aka jera su kamar mussa yake, wato kyanwa, don haka da wannan za a yanka suna gobe. Kowa ya ce madalla. Na buɗe baki, kunyar suruki ta rufe shi. Abin da ya fito kawai shi ne: ba komai, Malam.

A ɗaki, bayan na ɗauki jaririya na yi mata addu'a, na gaya wa Zali. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta dubi fuskata ta daina. Ta ce ita ba ta iya tunkarar surukinta da wannan. Ta kira mijinta Musa, ya tsaya bakin ƙofa yana susar ƙeya, ya ce shi bai taɓa mayar wa tsohonsa magana ba, balle wadda ya faɗa gaban mutane. Kafin magariba duk matan gidan sun sani, tsohon kaɗai ne bai sani ba. Aka kawo mini tuwon dawa da miyar kuka, loma biyu na yi. Aka ce shi ma Kumandan bai taɓa harawarsa ba.

Alhamis: ranar suna

Bayan sallar safe maza suka cika tabarmi a ƙofar gida, aka fito da goro da dabino. Daga ɓangaren mata ina jin mahauci yana wasa wuƙa. Sai na ji kukan Kumandan, ba irin na fitina ba, irin wanda yake yi yana ƙarami idan na daɗe a kasuwa.

Na ja mayafi na fita. Shekara talatin ina tsayawa gaban aji, amma da na ga rawuna sun juyo gare ni duk maganar da na shirya ta gudu. Mutum biyu sun riƙe shi za su kayar. Ban san lokacin da na kira sunansa ba, ban ma ɗaga murya ba. Ya fizge, ya ratsa tsakiyar maza, ya kifar da farantin goro, ya zo ya cusa kansa ƙarƙashin hannuna. Na ce:

"Malam, ku gahurce ni. Ba kawo shi niy yi ba, biyo ni yay yi. Ni nis shayar da shi."

Malam Agali ya daɗe yana dubanmu. Sannan ya tashi ya zo ya duƙa, ya duba kunnen ragon, ya duba ido, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe ya ce wa liman wannan dabba tana da aibi, ba ta yi wa suna. Liman ya tambayi wane aibi, shi bai ga ko ɗaya ba. Tsohon ya ce:

"Ya san sunanai. Dabbad da aka kira ta amsa, ni ba ni cin namanta."

Liman ya ɓoye murmushi cikin gemu ya ce a kawo ɗayan. Aka tsince goro, aka yanka ragon Musa, yarinya ta ci suna Aminatu. Naman ya ishi kowa, ko da yake mahaucin ya yi ta waiwayen Kumandan har ya tafi.

Da yamma tsohon ya aiko a kira ni. Ya shimfiɗa mini tabarma nesa da tasa, yana dafa shayi a ɗan mangal. Bai ambaci abin da ya faru da safe ba. Ya ba ni labarin wani raƙuminsa da ya ƙi sayarwa a shekarar fari, ya riƙa raba hatsin bakinsa da shi, mutane suna ce masa mahaukaci. Ya zuba kofi na farko ya miƙo mini, na biyu ya sha, na uku mai zaƙi ya juye a murfin kwano ya ajiye wa Kumandan.

Sauran kwanakin ban sake ɗaukar harawa ba. Kullum da hantsi Malam Agali zai fita da tumakinsa zuwa fadama, Kumandan a gaba kamar shi ya san hanya. Ni kuwa na samu na yi abin da ya kawo ni, na dafa ruwan wanka, na dama kunun kanwa, na riƙe Aminatu uwarta ta yi barci.

Komawa gida

Ranar tafiya, ƙarfe bakwai, an riga an ɗora Kumandan a mota, sai ga tsohon yana tafe da wani abu cikin babbar rigarsa. Ya ce duk lokacin da tafiya ta kama ni in aiko masa da ragon, gidansa ne. Na yi godiya har idona ya kawo ruwa. Sai ya buɗe rigar. Ƴar tunkiya ce ta kwana huɗu, uwarta ta ƙi ta. Ya ɗora mini ita a cinya ya ce tunda ni na iya. Ya ƙara da cewa wannan ta kiwo ce, kada in sa mata suna. Na ce to, Malam.

Ba mu tsaya ko'ina ba sai canjin mota a Buza, inda na sayi madarar gari da sabon bibiro. Ƴar tunkiyar ta jiƙa mini zane sau biyu kafin Madawa. Uku da rabi na rana na buɗe ƙofata, kuma kafin in cire takalmi sai da na ɗora ruwan madara a wuta.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mu biyu a tafiya, mu uku a dawowa. Na gode wa direbobin da suka yi haƙuri da mu, da Idi da matarsa da suka sauke ni, da Zali da Musa, da surukina Malam Agali da ya rufa mini asiri gaban maza. Allah ya raya Aminatu.

Na riƙe alkawarin da na yi wa tsohon har kwana biyar. Jiya da safe ta sa kai cikin kwanon tsaki, na ji bakina ya ce, Sarzan, fita nan. Ta ɗago ta dube ni, ta taho.