Katunana da Inna ta ƙona

Jama'a, yau Inna ta ƙona mini karatun wata biyar, kuma na kasa yin fushi!

Kun san katunan da nake haddar kalmomin Sifaniyanci da su, saboda jarrabawar neman tallafin karatu. Da kwalin sabulu na yanka su. Gaba kalmar, baya ma'anarta da Hausa. Marigayi Baba ne ya rubuta bayan da ajami, don shi ke yi mini tambaya, kuma ba ya karanta boko.

Ɗazu na dawo daga Bici. Gwangwanin katunan wayam! Na ruga wajen Inna.

Ta ce, "Akuya ce ta ture shi, suka watse a tsakar gida, kaji na bi ta kai. Na ga rubutun Malam babanki, na ce ayar Allah ba ta zama a ƙasa."

Ɗaya bayan ɗaya ta tsince su, da ciwon gwiwarta. Ta ƙona, ta binne tokar a gindin darbejiya, yadda ake yi wa tsofaffin takardun Alƙur'ani.

Innalillahi! Jarrabawar nan saura sati biyu!

Kafin in buɗe baki, ta kwance bakin zanenta ta fito da guda ɗaya.

"Wannan na kasa sa shi a wuta. Hannun babanki ne. Karanta mini, wace aya ce?"

Na juya katin. Rubutun Baba, da tawadarsa: "Sai gobe."

Na karanta mata. Ta karɓe, ta mayar bakin zane ta ƙulle.